Kifin da ke hawa kogi daga teku, da halin da tafkin Korle ke ciki

A yammacin Amurka da Kanada akwai wani kifi da ake kira steelhead, wanda ake ƙyanƙyashe shi a kogi, ya gangara teku ya girma, sannan ya dawo kogin da ya fito domin yin ƙwai. Ɗan uwansa da ake kira cutthroat, mai jan zane a ƙarƙashin haɓa, shi ba ya nisa da gaɓa, a bakin koguna yake kiwo. Masu fatsa a can sukan ɗaura gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya su yi ƙoton ƙarya, wani mai kama da ƙwaro, wani da ɗan kifi ko jatan lande, su jefa shi ruwa ya ja shi har kifi ya cafka.

To amma su kansu sun gane cewa komai kyan ƙugiya, ba ta kamo kifin da aka tare wa hanya. Wannan ne ya sa aka rushe madatsun ruwa biyu a kogin Elwha na jihar Washington daga 2011 zuwa 2014, kifin kuma ya koma wuraren da ya yi kusan shekara 100 bai taka ba. A 2024 ma an kammala cire madatsu huɗu a kogin Klamath.

Mun kawo wannan labari ne saboda mu ma a nan Accra muna da irin wannan mahaɗa ta ruwan daɗi da na gishiri, wato tafkin Korle, inda kogin Odaw ke shiga teku a gefen Old Fadama. A da, Gawa masu garin suna kama karfasa da ƙaguwa a cikinsa, ƙananan kifayen teku kuma kan shigo su girma kafin su koma. Suna da al'adar hana su na wani lokaci domin kifi ya hayayyafa. Yau kuwa duk wanda ya tsaya a kan gadar Korle, wari ne zai fara tarbarsa, ruwan baƙi ƙirin, leda da robobi sun rufe shi.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Masana'antu sun daɗe suna sako dattinsu cikin Odaw, an kuma shafe shekaru ana ƙona wayoyin lantarki a Agbogbloshie kafin hukuma ta rushe wurin a watan Yulin 2021. Haka nan babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi a Odaw take ƙarewa, ke nan sharar da muke jefawa a ƙofar gida idan hadari ya haɗu, Korle take sauka. Ruɓewar wannan datti ita ke cinye iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa.

Idan ba a manta ba, ranar 3 ga Yunin 2015 ambaliya da gobara a gidan mai na Kwame Nkrumah Circle sun hallaka mutum kusan 150, kuma cikin wannan watan aka rushe gidajen dubban mazauna Old Fadama da ke bakin ruwan, akasarinsu 'yan arewacin ƙasar da suka zo neman abinci. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 domin gyaran magudanan yankin Odaw. Sai dai yashe kogi bai wadatar ba matuƙar ana ci gaba da cika shi.

Ba sai mun je Amurka neman misali ba. A bakin kogin Densu, yamma da birnin, mata masu tsintar kawa a Tsokomey da Bortianor da Tetegu sun fara dakatar da aikinsu na wasu watanni tun daga 2017 domin kawar ta girma.

Don haka muna kira ga sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin matasa su sa maganar kwata cikin huɗuba da taron unguwa, hukumar birni kuma ta samar da wurin zuba shara kusa da jama'a, ta zauna da mutanen Old Fadama kafin ta turo motar rusau. Idan ruwan ya gyaru, kifi ya san hanya.