Gwarzo Shi Kaɗai Ba Ya Ɗaga Kofi

A garuruwan Hausawa na Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu, irin su Mai Wurno da ke kusa da Sinnar, ƙwallon ƙafa ce ta fi cin kasuwa. Amma Sudan ta taɓa fitar da ɗan ƙwallon kwando da duniya ba ta manta ba, wato Manute Bol, ɗan ƙabilar Dinka mai tsawon mita 2.31. Ya yi wasa a Khartum kafin ya shiga gasar NBA ta Amurka a 1985. Sau biyu yana zama zakaran tare ƙwallo a bakin kwando, amma har ya yi ritaya bai ɗaga kofin gasar ba.

To me ke mayar da ɗan wasa gwarzo? Tsawo baiwa ce, iya jifa kuma horo ne. Gwarzo shi ne wanda mutum ɗaya ba ya iya tsare shi, sai an sa masa biyu. Da yake mutum biyar-biyar ake bugawa, da zarar biyu sun rufu a kansa, wani abokinsa ya zama ba mai tsaro. Idan abokin nan bai iya jefawa ba, wahalar gwarzo ta tashi a banza.

Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya kuma a can ya fara wasan, ya gane wannan sarai. Yana shugabantar Toronto Raptors ya ɗauko gwarzo Kawhi Leonard a 2018, amma ya riga ya shirya masa mataimaka. Akwai Pascal Siakam, ɗan Duwala ta Kamaru, wanda sai a lamba ta 27 aka zaɓe shi a zaɓen sabbin 'yan wasan NBA na 2016. Akwai Fred VanVleet, wanda a zaɓen shekarar ba ƙungiyar da ta kira sunansa.

Ranar 13 ga Yuni, 2019, a wasan ƙarshe na gasar NBA tsakanin Toronto da Golden State, aka ga amfanin wannan shiri. 'Yan Golden State suka yi ta yi wa Leonard taron dangi, shi kuwa yana miƙa ƙwallo ga wanda aka sake. Abokin wasansa Kyle Lowry ya ci wa Toronto makinta 11 na farko shi kaɗai, ya ƙare da 26. Siakam ma 26, VanVleet 22, daidai da Leonard. Aka tashi 114 da 110, kofi ya bar Amurka zuwa Kanada a karon farko.

Manomin Jazira ya san ko sarkin noma ne, ranar tsinkar auduga sai da gayya. Saboda haka masu horar da yaranmu, a Zariya ko Mai Wurno, kada idonsu ya tsaya kan dogon yaro kaɗai. Su ba sauran huɗun lokacinsu, su koya musu tsaro da miƙa ƙwallo da jifa daga nesa, domin ranar da aka danne gwarzo, a hannunsu nasara take.