Matsakaicin Maki Ba Ya Rufe Ƙofar Karatu

Duk shekara, idan sakamakon JAMB ya fito, za ka ga yaro riƙe da waya, jikinsa ya yi sanyi domin ya ci 170 cikin 400. Bai kamata ya karaya ba.

A 2025, mafi ƙarancin makin da aka tsayar na shiga jami'a shi ne 150, na kwalejin kimiyya da fasaha da ta horar da malamai kuwa 100. Sai dai kowace makaranta tana iya ɗaga nata, musamman a fannin likitanci da aikin lauya.

Da farko, a tabbatar yaro yana da kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci, da kuma Lissafi idan fannin da yake so yana buƙatarsa. Sannan a duba makarantu irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, inda difloma ke ɗaukar shekara 2, ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina, inda NCE ke ɗaukar shekara 3. Wanda ya fita da sakamako mai kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu.

Iyaye, ku zauna da yaro, ku ji abin da zuciyarsa ke so. Sannu ba ta hana zuwa.