Ko Budurwa Tana Ɗaukar Ciki Ba A Sadu Da Ita Ba?

Cikin takardun da suka iso wannan fili akwai wata da na karanta har sau uku. Wata 'yar makarantar sakandare ce ta rubuto, ba ta sa suna ba, ba ta faɗi gari ba. Ta ce saurayinta ya zo zance, wasa ya yi nisa, amma ta rantse bai sadu da ita ba, budurcinta yana nan. Ga shi yanzu al'adarta ta wuce lokaci da kwana 9. Ba ta iya barci, ba ta iya cin abinci, wata ƙawarta kuma ta ce ta jiƙa kanwa ta sha. Abin da take tambaya shi ne, ko ciki yana shiga ba tare da saduwa ba?

Na san akwai uwayen da za su ce wannan ba maganar jarida ba ce. To, ku yi haƙuri da ni. Yarinyar da ta rasa wanda za ta tambaya a gida, ƙawa za ta tambaya, ƙawar kuwa kanwa ta sani. Maganar ma ba sabuwa ba ce. Kakanninmu sun san tsarance, watau al'adar nan ta wasu ƙauyuka a da, inda saurayi da budurwa kan kwana ɗaki guda bisa sharaɗin ba za a ƙetare iyaka ba. In wata ta fito da ciki tana rantsuwa ba a ƙetare ba, sai a ce maƙaryaciya ce, alhali kuwa ba lalle ne ƙarya ta yi ba.

Amsar ita ce, yana yiwuwa, amma ba kasafai ba. Ciki ba ya samuwa sai ƙwayar maniyyin namiji ta haɗu da ƙwan mace. Maniyyi kuwa ɗauke yake da miliyoyin ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, kowace da 'yar wutsiyarta tana iyo kamar talibambam. Idan ya zuba a bakin farji, ko hannu ya kai shi can tun yana ɗanye, wasu ƙwayoyin suna iya bin danshin wurin su shige ciki. Tantanin budurci da ake magana ba murfi ba ne. Yana da kafa, ta nan jinin haila yake fita kowane wata, kuma inda jini ya sami hanyar fita, ƙwayar da ido ba ya gani ba za ta rasa ta shiga ba. Har maziyyi, wanda duk 'yar Islamiyya ta san sunansa daga karatun tsarki, wani lokaci yakan ɗauko ƙwayoyin.

Sai dai kada wannan ya sa a riƙa tsoron abin da ba abin tsoro ba. Runguma, ko sumba, ko riƙe hannu ba su kawo ciki. Ba a ɗaukarsa a masai, ko a bokitin wanka, ko a jikin tawul. Maniyyi in ya bushe ƙwayoyinsa sun mutu, kuma wadda tufafinta suna jikinta ba ta da abin fargaba. Sa'an nan ba kullum ne jikin mace yake shirye ba. Ƙwai ɗaya yakan fito a wata, kamar kwana 14 kafin haila mai zuwa, ba ya kuwa wuce kwana guda da rai. Ƙwayoyin namiji su ne masu juriya, suna kaiwa kwana 5 a cikin jikin mace suna jira. Wahalar ita ce yarinya ƙarama ba ta iya sanin ranar da ƙwanta zai fito, domin lissafinta bai riga ya zauna ba.

Wannan ya kawo mu ga ɓatan watan. Mu Hausawa da an ce wance ta yi ɓatan wata sai mu fara shirin suna, amma haila tana da dalilan jinkiri da yawa. Babbar mace takan ga al'adarta tsakanin kwana 21 zuwa 35, in an ƙirga daga ranar farko ta wannan zuwa ranar farko ta mai zuwa. Yarinyar da ba ta daɗe da farawa ba takan kai kwana 45, wata ma ta tsallake wata guda ɗungum, kuma lafiyarta ƙalau. Ciwo mai zafi yana jinkirta haila, haka rama, da ƙiba mai yawa, da aikin wahala, da allurar tsarin iyali, da ciwon maƙoƙo. Wadda ta haura shekara 45 kuma ta sa rai da irin wannan wasa kafin jinin ya ɗauke gaba ɗaya.

Akwai kuma damuwa, wadda ita na fi zargi a kan wannan 'yar tamu. Ƙwaƙwalwa ce take aika wa jiki umarnin sakin ƙwai. In hankali ya tashi, ko saboda jarrabawa, ko rasuwa, ko tsoro, sai umarnin ya makara, haila ita ma ta makara. Yarinya tana tsoron ciki, tsoron yana riƙe jinin, rashin ganin jinin yana ƙara tsoron. Har tashin zuciya da kasala sai ta ji, ta ce laulayi ne.

Ku matan aure ma kada ku ce ba da ku ake ba. Mai goyo takan dogara ga azalo, watau maigida ya zubar a waje, sai ta wayi gari da kwanika tana mamaki. A cikin mata 100 da suka dogara ga wannan dabara, kimanin 20 sukan yi ciki kafin shekara ta zagayo. Shayarwa tana kare mace ne kawai in jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma haila ba ta dawo ba. In ɗaya ya saɓa, kariyar ta yi rauni, domin ƙwai yakan riga jini dawowa.

To, mene ne abin yi? Gwaji, ba zato ba. A da can, tun daga wajen 1930 har zuwa shekarun 1960, akan ɗura wa wani irin kwaɗo na Afirka ta Kudu fitsarin mace ta allura, a jira a ga ko zai yi ƙwai. Yau kuwa tsinken gwajin ciki yana nan a kowane kemis, kuɗinsa kaɗan. A tara fitsarin farko na safe a mazubi mai tsabta, a tsoma tsinken kada ya wuce layin da aka shata, a jira mintocin da aka rubuta a takardarsa. Layi 2 ciki ne, ko da na biyun ya fito dishi-dishi. Layi 1 babu. In babu layi ko ɗaya tsinken ya lalace, a sake wani. Ana iya gwadawa tun daga ranar da haila ta saɓa. Wadda ba ta riƙe lissafinta ba ta bari a yi kwana 21 da faruwar abin. In ya nuna babu amma jini bai zo ba, a sake bayan mako guda. In aka yi wata 3 shiru, a je asibiti ko da gwaji ya ce babu.

Abin da nake roƙonku da girman Allah shi ne ku rabu da kanwa, da bulu, da haɗe-haɗen ƙwayoyi, da jiƙe-jiƙen masu talla. Wadda ba ta da ciki ta cuci hanjinta da ƙodarta a banza, mai ciki kuwa tana iya zubar da jinin da zai tafi da ranta. Kuma duk macen da al'adarta ta saɓa, sa'an nan ta ji ciwo mai tsanani a gefe guda na mara, ga ɗigon jini, ga jiri, a kai ta asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Yana yiwuwa ciki ne ya zauna a wajen mahaifa, wannan kuwa ba ya jiran gari ya waye.

Uwa, in 'yarki ta yi ƙarfin halin kawo miki irin wannan magana, ajiye muciya tukuna. Ki tambaye ta a hankali, domin wata ba da son ranta aka taɓa ta ba, kuma mai laifin yana iya zama na cikin gida. Faɗa yana nan, ba zai gudu ba, amma a fara sanin halin da take ciki.

Ke kuma 'yata da kika rubuto, kwana 9 sun isa gwaji. Ki sami uwarki, ko gwaggonki, ko wata yayarki mai hankali, a sayo tsinken yau, ki gwada gobe da asuba. In ya nuna layi 2 ku tafi wurin ungozomar asibiti tare. Zancen dare a lungu kuwa ki yanke shi daga yau, mai sonki da aure ya zo zauren gidanku. Ki sake rubuto mini in ji yadda aka ƙare.