Fanshon Malamai da Kuɗin Baitulmali a Jihar Texas

Babu mai jayayya cewa malamin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen karantar da 'ya'yan jama'a yana da haƙƙi a wuyan jama'ar nan idan tsufa ya riske shi. Amma da mutanen jihar Texas ta Amurka suka tashi sauke wannan haƙƙi, sai suka tarar shari'arsu ta tare musu hanya, domin kundin tsarin mulkinsu na 1876, wanda aka rubuta cikin tsoron almubazzarancin masu mulki, ya haramta wa majalisa ta ɗebi dukiyar baitulmali ta ba wani mutum. Saboda haka babu halin taɓa kuɗin haraji don fansho sai an gyara kundin kansa, shi kuwa ba ya gyaruwa sai da ƙuri'ar talakawa. Suka amince a watan Nuwamba na 1936, aka kafa asusun fanshon malamai a 1937.

Ƙa'idar da ke cikin kundin a yau ta wajabta wa malami ya riƙa zuba aƙalla kashi 6 cikin ɗari na albashinsa, ita kuma hukuma ta zuba abin da bai gaza kashi 6 ba, bai kuma wuce kashi 10 ba. Hikimar wannan a fili take, domin alkawarin da aka bari a hannun kasafin shekara, duk gwamnan da ya ga aljihu ya yi sanyi yana iya sa ƙafa ya shure shi, alhali kuwa wanda ya shiga kundi ya fi ƙarfin son zuciyar mutum guda.

Sai dai masu wannan tanadi sun yi sakaci da tsadar rayuwa, wadda ke cin darajar kuɗi a hankali. Galibin malaman Texas ba sa cikin tsarin tallafin tsufa na gwamnatin tarayya, fanshon nan shi ne madogararsu, ga shi kafin 2023 waɗanda suka yi ritaya bayan 2004 sun yi kusan shekara ashirin ba su ga ƙarin ko sisi a fanshonsu na wata-wata ba. Da baitulmali ya sami rara a 2023, majalisa ta yi niyyar ƙari, amma da yake kundin ya iyakance abin da za ta kashe, tilas aka sake komawa ga masu ƙuri'a. Fiye da kashi 80 cikin ɗari suka yarda a fitar da kimanin dala biliyan 3.3, aka ƙara wa tsofaffin malamai kashi 2, ko 4, ko 6, gwargwadon daɗewarsu da barin aiki. Ƙarin nan sau ɗaya aka yi shi, ba a ɗaure shi da tashin farashi ba, don haka in kaya sun sake tsada sai malaman sun sake jiran majalisa.