ALLO GOMA A FAYIL GUDA: Yadda Masu Zane Ke Haɗa Aikin Ɗab'i A Abuja

Tun daga ran 12 ga watan Disamba, 1991, da gwamnatin tarayya ta taso daga Legas ta tare a Abuja, birnin nan bai taɓa rabuwa da taro ba. Yau wata ma'aikata ce ke taron ƙara wa juna sani, gobe jam'iyya ce ke gangami, jibi kuwa ɗaurin auren 'yar wani babba ne. Kowane ɗaya daga cikin tarukan nan yana bukatar katin gayyata, da fosta, da takardar tsarin taro, da katin ratayawa a wuya, da ƙyallen da za a ɗaura a ƙofar zaure, ga kuma hoton da za a watsa ta WhatsApp. Shekara da shekaru, wanda duk irin wannan bukata ta kama sai ya nufi kasuwar UTC da ke Area 10 a Garki, inda masu zane da masu ɗab'i suka yi sansani, har zuwa tsakiyar shekarar 2023 da hukumar birnin ta rushe ginin don a sake gina shi. Sana'ar dai ba ta rushe ba, tana nan tana ci a shaguna barkatai cikin birnin.

Abin da yawancin masu ba da aiki ba su sani ba shi ne, duk kayan nan da aka lissafa, ƙanana da manya, sau da yawa a cikin fayil guda ake zana su, kowanne a kan nasa allon. Wannan dabara ita ce ta sa aikin da a da yakan ci mako guda yanzu ake gama shi kafin la'asar. Ita ce kuma ke sa kuskure guda ya bazu ya cinye kuɗin mutum gaba ɗaya. Saboda haka ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake, ko da shi ba mai zane ba ne, tun da yake daga aljihunsa kuɗin ke fita.

ASALIN ALLON ZANE

Kafin zuwan kwamfuta, a maɗaba'u irin su Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Zariya a 1945, aikin hannu ne tsantsa. Da farko haruffan dalma ake jerawa. Daga baya aka koma yanka rubutu da hotuna da almakashi ana liƙa su a kan wani farin kwali mai kauri, sa'an nan a ɗauki hoton kwalin a mayar da shi farantin bugawa. Wannan kwali shi ne allon zane na asali, kuma kowane shafi da nasa. In aka canza kwanan wata, to, sai an bi kwalayen ɗaya bayan ɗaya an ɓamɓare an sake liƙawa.

Da kwamfuta ta shigo sai zane ya kasu gida biyu. Akwai zanen ɗigo, watau irin hoton da kyamara ke ɗauka, wanda tarin ƙananan ɗigogi ne. In aka faɗaɗa shi fiye da kima sai ya yi dishi-dishi. Akwai kuma zanen lissafi, wanda kwamfuta ke ajiye shi a matsayin layuka da lanƙwasa da aka auna, don haka ko an mai da shi kamar tambarin wasiƙa ko kamar bangon gida, gefensa ba ya dusashewa. Lissafin lanƙwasar nan ya samo suna daga Pierre Bézier, wani injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa, wanda ya yi amfani da shi wajen tsara jikin mota a shekarun 1960. Kamfanin Adobe na Amurka ya fito da manhajar Illustrator a 1987, shi kuwa kamfanin Corel na birnin Ottawa a Kanada ya fito da CorelDRAW a 1989.

A nan ne tarihin manhajojin biyu ya bambanta. CorelDRAW ta sami damar ɗaukar shafuka da yawa a fayil guda tun a 1993, kuma har yau ita ce aka fi gani a shagunan ɗab'i na Nijeriya. Illustrator kuwa ta shafe fiye da shekara 20 tana ba da allo guda tak a kowane fayil. Sai a 2008, bayan Adobe ya sayi kamfanin Macromedia a 2005, mai manhajar FreeHand wadda ta daɗe da sanin shafuka da yawa, sa'an nan aka ba mai zane damar buɗe allo har 100. A ƙarshen 2017 aka ɗaga adadin zuwa 1,000. Ita ma Inkscape, wadda kyauta ake samunta, ta bi sahu a 2022.

KAMAR TEBURIN TELA

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar abin ita ce a dubi tela ya shimfiɗa shadda a kan teburi. Yadi guda ne, amma ya zana wurin gaban riga, da wurin hannu, da wurin aljihu, kowanne da awonsa. Haka fayil yake: fili ne babba, allunan kuwa su ne yankunan da aka shata a cikinsa. Abin da ke cikin allo shi ne zai fita a bugu. Abin da aka ajiye a tsakanin alluna kuwa kamar ƙyallayen da suka rage a gefen teburi ne, yana nan a ajiye amma ba zai fita ba.

A ce wata ƙungiya ce ke shirya gangamin wayar da kai a ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya, watau Abaji, da Bwari, da Gwagwalada, da Kuje, da Kwali, da ta cikin birni. Mai zane zai buɗe allon fosta mai girman A3, watau milimita 297 da 420. Kusa da shi ya buɗe na takardar tsarin taro mai girman A4, milimita 210 da 297. Sai na takardar rabawa mai girman A5, milimita 148 da 210, da na ƙyallen ƙofa, da na katin wuya. In ya gama na Kuje, sai ya kwafi jerin gaba ɗaya ya sauya sunan gari da ranar taro, ya sami na Kwali. Kan ka ce kwabo ga allo 30 a gabansa, yana kallonsu duka a lokaci guda.

Amfanin wannan kallo na bai ɗaya ba kaɗan ba ne. Ido yana saurin gane in koren fosta ya fi na kati duhu, ko in tambari ya karkace a wani wuri. Daɗin daɗawa, manhajar tana ba da damar a ajiye tambari a matsayin uwa, sauran duka su zama 'ya'yanta. In aka gyara uwar, sai duk 'ya'yan su gyaru a kowane allo. Haka ma launi: in aka yi masa rajista sau ɗaya, canza shi a wuri guda ya isa. Akwai kuma umurnin da ke manna abu guda a daidai wuri ɗaya a kan dukan alluna.

A lokacin siyasa ne aka fi ganin ranar wannan dabara. A zaɓen 2019 mutum 73 ne suka tsaya takarar shugaban ƙasa, a na 2023 kuwa jam'iyyu 18 ne suka shiga, ban da dubban 'yan takarar majalisu. Kowannensu yana son fosta da sitika da riga da hula a rana ɗaya, kuma dole tambarin jam'iyya ya fito iri ɗaya a ko'ina, domin shi ne mai jefa ƙuri'a zai nema a kan takardar zaɓe.

INDA GIZO KE SAƘA

To, amma hanyar da gyara ke bi ya bazu, ita ce kuma kuskure ke bi. In mai zane ya rubuta lambar waya ba daidai ba a allo na farko, sa'an nan ya kwafa, to, ya yi kuskure 30 ke nan a zama ɗaya. Takarda kuwa in ta sha tawada ba ta komawa fara.

Ga masu bugu da Hausa akwai wani tarko na musamman, watau haruffa masu ƙugiya: ɓ, da ɗ, da ƙ. Yawancin samfuran haruffa na ado da ake sauko da su daga intanet ba su da su. Wani lokaci sai harafin ya fito a matsayin ɗan akwati, wani lokaci kuma mai zane ya gaji ya sa harafin da ba shi da ƙugiya. Ta haka katin da ya kamata ya ce "manyan baƙi" sai ya wayi gari yana cewa "manyan baki", ko kuwa "ƙasa" ta koma "kasa". Maganin abin shi ne a gwada samfurin haruffa da waɗannan uku tun a allo na farko, kafin a kwafa. In an gama aiki kuma, a mai da rubutun zane a cikin kwafin da za a kai maɗaba'a, don kada kwamfutar can ta musanya haruffan da nata. Amma a riƙe kwafi na asali, domin rubutun da aka mai da zane ba ya gyaruwa da madannai.

Tarko na biyu shi ne launi. Fuskar waya da ta kwamfuta da haske suke haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi. Injin bugu kuwa da tawada huɗu yake haɗawa. A Illustrator, fayil guda tsarin launi ɗaya yake bi, ko da allo ɗari ne a cikinsa. Ke nan wanda ya haɗa hoton WhatsApp da fostar bango a fayil ɗaya, dole ɗayansu ya bi tsarin ɗan'uwansa. Shi ya sa mutum kan ga shuɗi mai ƙyalli a wayarsa, ya amince, sa'an nan a kawo masa fosta ya ga ta yi duhu. Ƙwararru sukan raba fayil biyu, na bugu daban, na waya daban.

Na uku shi ne rarar gefe. Wuƙar yankan takarda ba ta sauka daidai ƙwarai a kowane lokaci, don haka ake barin launi ya zarce iyakar allo da milimita 3 a kowane gefe. In aka jera alluna suka matsu da juna, rarar wannan sai ta shiga gonar wancan, a ga jan layi a gefen farin kati. Dole a bar tazara tsakaninsu.

Na huɗu shi ne girma. Filin Illustrator na yau da kullum bai wuce inci 227 a kowane gefe ba, watau ƙasa kaɗan da mita 6, ko da yake tun 2020 an samar da wani fili da ya ninka wannan sau goma. Saboda haka an saba zana manyan allunan talla na bakin titi a kan kashi ɗaya bisa goma na ainihin girmansu. Zanen lissafi zai faɗaɗa lafiya lau, amma hoton fuskar ɗan takara ko na amarya zanen ɗigo ne, kuma in ƙaramin hoto ne da aka turo ta waya, to, a bakin titi ne asirinsa zai tonu. Wajibi ne a rubuta ma'aunin a jikin sunan allon, don mai injin ya sani.

SUNA DA TSARI

Duk allon da aka buɗe, manhaja lamba kawai take ba shi. In ba a sauya ba, ranar fitar da aiki sai a sami fayiloli 30 da ba a san na Bwari da na Abaji ba sai an buɗe kowanne. Mai zanen da ya san abin da yake yi yakan raɗa wa kowane allo suna da ya ƙunshi gari da irin kaya da girma, domin wannan sunan ne zai bi fayil ɗin zuwa maɗaba'a. Har wa yau, jerin allunan shi ne jerin shafukan da za su fito a PDF, don haka in aka bar bangon baya a gaba, haka zai fito.

Ya kamata kuma a san iyakar abin. Allo ba shafin littafi ba ne. Illustrator ba ta sa lambar shafi da kanta, saboda haka mujalla ko rahoton shekara mai shafi 80 aikin manhajar tsara littafi ne, irin su InDesign da ta fito a 1999. Wanda ya tilasta wa alluna ɗaukar littafi, fayil ɗinsa zai yi nauyi, kuma a ƙasar da wutar lantarki kan ɗauke ba sallama, fayil mai nauyi da bai gama ajiyuwa ba yana iya lalacewa. Tun da yake duk ƙwan a kwando ɗaya suke, sai a riƙa ajiye kwafi a wani wuri dabam.

ABIN DA YA RAGE GA MAI BA DA AIKI

Mai ba da aiki shi ma yana da nasa haƙƙin. Kada ya duba fosta kaɗai ya ce a buga sauran. Ya nemi a nuna masa kowane allo, ya karanta suna da kwanan wata da lambar waya da bakinsa, in da hali wani ya sake karantawa. In aikin mai yawa ne, ya nemi a buga masa gwaji guda a kan ainihin takardar kafin a saki injin. Kuma tun wajen ciniki a yi magana a kan fayil na asali, ko za a ba shi ko ba za a ba shi ba, domin shago yana iya tashi, kamar yadda aka gani a Area 10, alhali shi yana bukatar tambarinsa baɗi.

A tsofaffin maɗaba'u akwai ma'aikaci na musamman wanda ba shi da aiki sai karanta gwaji da jan alƙalami kafin a kai ga injin. Kwamfuta ta ɗauke wa mai zane wahalar almakashi da gam, ta tara masa kwalaye talatin a gaba ɗaya, amma ba ta ɗauki aikin mai jan alƙalamin nan ba. A yawancin ƙananan shagunan yau babu kujerarsa, don haka aikinsa ya koma wuyan mai zane da mai biyan kuɗi. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.