Darasin da dandamalin katako ya koya mini a Mora

A garinmu Mora ba kasafai za ka shiga gida ka tarar an shimfiɗa katako a ƙasa ba. Mu da siminti muka saba, kakanninmu kuma da daɓe. Amma a ajin da nake koyarwa allo ya yi wa yara tsawo, sai ƙungiyar iyaye da malamai ta yi karo-karo aka buga dandamalin katako a gabansa. Da aka zo kan shafa mai mai ƙyallin nan da kafintocinmu ke kira berni, sai na ce a bar mini, kuɗin leburanci ya tafi ga sayen alli. A ganina wanda ya gama kwalejin horon malamai ba zai kasa riƙe buroshi ba.

Lokacin hutu ne, cikin watan Agusta, damina ta kankama. Na sayo irin mai saurin bushewa, wanda ake tsinkawa da tina, na shafa da yamma bayan an ɗauke ruwa. Kafin magariba katakon ya yi fari-fari kamar an watsa masa ruwan koko. Daga baya na gane dalili. Tina na tashi da sauri, tashinsa yana sanyaya fuskar katako, sai laimar da ke cikin iska ta sauka a kai ta maƙale cikin bernin. In farin bai yi yawa ba, a jira rana mai haske a ɗan shafa tina sama-sama, bernin zai narke laimar ta fita. Nawa ya wuce nan, dole na kankare.

Na koma kasuwa ranar Lahadi, ranar da kasuwar Mora ke ci, na canjo irin mai haɗin mai, wanda ke bushewa a hankali. Da na ga ya yi kauri sai na zuba masa zuwa-zuwa, fetur ɗin nan na bakin hanya, na lafta da yawa don in huta da shafi na biyu. Kwana huɗu yana danƙo. Ƙuda ya sauka ya maƙale, tafin ƙadangare ya fito raɗau. Saura mako biyu a buɗe makaranta a farkon Satumba, ga kuɗin mutane, waɗansunsu gero suka sayar suka kawo. Barci ya ƙaurace mini.

Na je na sami wani dattijon kafinta a unguwarmu, na gaishe shi na ce, "Baba, na yi ɓarna, a zo a duba mini." Ya zo ya kankari gefe da farce, ya shinshina, ya ce, "Malam, kai da ke hana yara satar amsa, ga shi ka so ka yi wa katako wayo."

Shi ya nuna mini cewa allunan iroko ne. Yawancin katakon da muke aiki da shi ba a nan yake tsiro ba. Daga dazuzzukan kudanci da gabashin Kamaru ake ɗauko shi, ya biyo ta Ngaundere da Garwa da Marwa, sannan ya ƙaraso mana, tafiyar kusan kilomita 60 daga Marwa. Akwai ayus, fari mara nauyi, akwai safeli mai ja-ja, akwai iroko mai ƙarfi wanda gara ba ta cika damunsa ba. Sai dai iroko na da wani maiƙo a jikinsa da ke hana berni mai haɗin mai bushewa da wuri. Ni kuma na ƙara da fetur da shafi mai kauri: sama ya yi fata, ƙasa ya zauna ɗanye.

Ya kuma nuna mini waɗansu ƙananan ramuka a bakin dandamalin, inda bernin ya janye kamar ruwa a kan ganyen gwaza. Ashe bakin man mota da aka shafa wa ƙafafun don gudun gara ne ya taɓa wurin. Inda mai ya taɓa, berni ba ya kamawa sai an wanke da tina an goge.

Muka sake aiki daga farko. Muka kankare danƙon, muka bi da sanfefa mai lamba 80, sannan 120, muna bin tsawon jijiyar katako, ba a gicciye ba. Muka goge da tsumma mai tina har ya daina ɗauko launi. Shafin farko siriri ƙwarai, muka ba shi awa 24. Muka ɗan bi da sanfefa 220, muka share ƙura, muka sake. Sau uku ke nan, kowanne da hantsi, tagogi a buɗe. Ya hana ni girgiza gwangwani, domin kumfa ke kawowa, sai dai a juya da sanda. Ya kuma gargaɗe ni kada in ɗora mai saurin bushewa a kan mai haɗin mai, zai yamutse kamar fatar tsohuwa. Tsummokan da muka yi aiki da su ya sa na baza su a waje, don in aka dunƙule su wuri ɗaya suna iya ɗaukar zafi su kama wuta. Ajin kuwa bai ga yaro ba sai da wari ya fita.

An buɗe makaranta dandamali na sheƙi, na ɗauka an gama. Da hunturu ya shigo cikin Disamba sai ga tsagu tsakanin allunan, har alli na faɗawa. Katakon kudu da laimarsa yake zuwa, iskar nan tamu ta busar da shi ya tsuke. Na so in cike da garin katako da gam, dattijon ya hana. Ya ce da damina allunan za su kumbura, in ba su sami wuri ba sai su bankare. Maganin tun farko yake: a jera katako a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakani, ya yi makonni ya saba da iskar gari kafin a buga kusa.

Ga mai niyyar irin wannan aiki a yankinmu, kowane lokaci da fitinarsa. Damina laima, hunturu ƙura, bazara kuma zafin da ke haura digiri 40 yana busar da berni kafin buroshi ya daidaita shi. A hunturu a yayyafa ruwa a ƙasa kuma a rufe tagar da iska ke bugowa. A bazara a yi da sassafe cikin inuwa. Kullum dai a fara gwadawa a kan guntun katakon da ya rage.

Da na ba mahaifiyata labari dariya ta yi. Ta ce su ma da suna daɓe, sai ƙasa ta sha madaɓi ta tsane ake yayyafa ruwan makuba, kaɗan-kaɗan, ana bari ya sha. Kuɗin gwangwanin da na ɓata kuwa daga albashina na mayar wa ƙungiyar iyaye, na kuma faɗi dalili a gaban taro.