Na'urar Daidaita Wutar Sola: Ina Ciwon Yake?

A Birnin Tsaba, kamar a Zurmi da Shinkafi, abincin mai cajin waya yana rataye ga farantin sola. Wutar farantin tana hawa da sauka bisa ƙarfin rana, saboda haka ake sa 'yar na'urar da ke rage ta ko ƙara ta zuwa bolt 12, tamkar yadda jiki ke riƙe zafinsa a digiri 37. In ta tsaya, sai ɗalibi ya fara duba kafasita: zafin bazara kan busar da ruwan cikinta har kanta ya kumbura, kuma ƙarin digiri 10 yana rage rayuwarta da kusan rabi. Amma mafi sauƙin ƙirar na'urar tana juya wutar ne, don haka mita ta nuna -12 lafiya lau take.